Cinikin biri a sama: wa zai amsa laifin ledar dankali?

Kwanan baya, a tashar motocin da ke tashi daga Yamai zuwa Maradi, na sayi leda biyu ta soyayyen dankalin Turawa, irin wanda ake yankawa siriri kamar takarda a soya shi ya bushe ƙamas, wanda yaranmu ke kira «ships». Dala hamsin kowace. Kafin mu kai Doso na buɗe ta farko, sai warin tsohon mai ya doki hancina, ɗanɗanonsa kuwa ɗaci har maƙogwaro. Na juya ledar gaba da baya ina neman wanda zan kai ma kuka. Babu suna, babu unguwa, babu ranar da aka soya shi, balle ranar da zai lalace. Hoton zaki ne kawai da kalmar Faransanci guda mai nufin «daɗi». Ta biyun tsaraba ce na riƙe ma ɗiyar ƙanwata mai shekara 4. A Birnin Ƙonni na zubar da ita.

Asarar dala ɗari ba ta isa a ɓata shafin jarida ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tambayar da ta raka ni har Maradi: da yarinyar nan ta ci ta kwanta ciwo, wa za a kama? Yaron tasha zai ce mai butik ya ba shi. Mai butik zai ce wata mata ce ke kawo mashi duk ranar Litinin, sunanta ma bai sani ba. Matar kuwa, in an same ta, za ta rantse cewa lafiya lau kayanta suka bar hannunta, kuma mai yiwuwa gaskiya ta faɗa. Haka laifi zai yi ta yawo kamar kuɗin jabu har ya ɓace, a bar uwa da kuɗin magani.

Ra'ayina a kan wannan magana guda ne. Duk wanda ya zuba abinci cikin leda ya rufe, ya ɗauki amanar da mai tuya a bakin hanya bai ɗauka ba, kuma dole doka ta tambaye shi wannan amana. Amma hukumar da za ta tambaye shi, wajibi ne ta fara buɗe mashi ƙofar da zai bi ya cika ƙa'ida. In ba haka ba, doka ta zama sandar dukan ƙananan mata, manyan ƴan kasuwa kuwa su wuce da kwalayensu.

Abin da leda ta canza

Jama'a, mu tuna yadda muka gaji cinikin abinci. Mai ƙosai tana zaune gabanka, kana ganin kalar manta, kana jin ƙanshinsa, ka san gidanta da mijinta. In ta ɓata, gobe unguwa duka ta ji, kasuwarta ta mutu. Idonka da hancinka da tsoron surutun maƙwabta su ne ƴan sandan tsabta na wancan ciniki, kuma sun yi aiki shekaru aru-aru ba tare da takarda ko hatimi ba.

Leda ta kawar da su duka. Abin da aka soya a wani gida a Yamai yana iya kwana 20 a hanya da kan tebur kafin wani yaro ya saye shi bakin lekol a Damagaram, kilomita kusan 900 daga kaskon da aka soya shi. Mai saye ba ya shinshinawa, ba ya ɗanɗanawa, sai ya biya tukuna. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Abin da ya rage tsakanin mai yi da mai ci shi ne ƴar takardar da ke manne jikin leda. Ita ce fuskar mai sana'a, ita ce rantsuwarsa.

Duniya ta daɗe da fahimtar haka. Tun 1963 hukumar abinci ta FAO da hukumar lafiya ta duniya OMS suka kafa kwamitin Codex Alimentarius, kuma a 1985 ya fitar da ƙa'idar abin da ya kamata a rubuta jikin duk abincin da aka rufe don sayarwa: sunan abincin, jerin abubuwan da aka haɗa a ciki, nauyinsa, suna da adireshin wanda ya yi shi ko ya rarraba shi, ƙasar da ya fito, lambar rukunin da aka yi a lokaci guda, kwanan wata da yadda za a ajiye shi. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar injin miliyoyi. Takarda ce da tawada da gaskiya. Lambar rukuni da mutane ke rainawa ita ce mafi amfani ranar tsautsayi, domin da ita ake janye tuyar rana guda daga kasuwa ba tare da an kashe sana'ar baki ɗaya ba.

Abin da ke iya ɓuya a ciki

Wani zai ce: dankali ne fa da mai da gishiri, ina abin tsoro? To, mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Dankalin kansa. Manoman Bonkuku da na tsaunukan Ayar suna fid da dankali mai kyau, amma lokacin girbi kasuwa takan cika, zafi kuma ba ya barin ajiya. Mai neman araha sai ya sayi wanda ya sha haske ya yi kore, ko ya fara tsiro. Wannan koren alama ce ta wata guba mai suna solanin, mai sa amai da zawo da ciwon kai, kuma tuya ba ta kawar da ita yadda mutane ke zato. Maganinta a fere wurin sosai a jefar, in ya yi yawa a zubar da dankalin duka. Da zarar an soya an barbaɗa yaji, ba mai iya gane wanda aka fere da wanda ba a fere ba.

Sai mai. Nan ne riba take, nan ne kuma cuta take. Man da aka yi ta soya abu a ciki kwana da kwanaki, ana ƙara sabo bisa tsoho, yakan yi duhu, ya yi kauri, ya yi kumfa da hayaƙi, sinadaransa su rikiɗe zuwa abin da ke wahal da ciki da jijiyoyin jini. A Faransa doka ta hana amfani da man tuyar da lalatattun sinadaransa suka wuce kashi 25 cikin 100, kuma akwai ɗan ma'aunin hannu da ake tsomawa a gani nan take. A wurinmu ma'aunin shi ne aljihun mai tuya.

Sai wuta. A 2002 masu bincike a ƙasar Suwidin suka gano cewa abinci mai sitaci, musamman dankali, idan zafinsa ya wuce digiri 120 wajen tuya ko gashi, yana haifar da wani sinadari mai suna akirilamid. Tun 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta OMS ta sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo wannan ciwo ga ɗan Adam, bisa abin da aka gani a gwajin dabbobi. A 2017 Tarayyar Turai ta kafa doka ta musamman a kansa, inda ta sa mikirogiram 750 a kowane kilo ya zama mizanin soyayyen dankali da biskit ɗin da ake yi da ƙullun dankali. Kada sunan ya tsorata kowa, domin rigakafinsa na cikin ikon kowace mace mai kasko: a jiƙa yankakken dankali cikin ruwa kafin tuya, kada zafin mai ya wuce digiri 175, a kwashe yana ruwan zinariya kafin ya yi ja, a tsince waɗanda suka ƙone. Haka kuma ba a ajiye ɗanyen dankalin tuya cikin firigo mai sanyi ƙwarai, don sanyi yana ƙara mashi sukari, sukarin nan kuwa shi ke ƙonewa. Wa ya taɓa tara matan nan ya gaya masu wannan?

Sai yaji da gishiri. Yajinmu da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi, gyaɗar da ta yi fumfuna kuwa tana ɗauke da aflatoksin, gubar da ke cin hanta sannu a hankali, wadda zafin kasko ba ya kashewa. Akwai kuma yaran da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko alkama ko madara, in ba a rubuta ba uwa ba ta da hanyar sani. Game da gishiri, OMS ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini. Yaro ƙasa da haka ne, alhali shi ne babban mai sayen wannan kaya.

Na ƙarshe, hannu da leda da rana. Duk mun ga yadda ake hura leda da baki don ta buɗe, a cusa kaya da hannun da ya gama ƙirga canji, a liƙe da wutar kyandir. Mun ga ana tsane mai bisa tsohuwar jarida ko takardar siminti. In an rufe dankalin da sauran zafinsa, tururi ya zama raɓa cikin leda, ya yi laushi, fumfuna ta samu gida. In kuma an shanya fararen ledoji bisa tebur cikin ranar watan Afrilu, haske da zafi su ɓata man cikin ƴan kwanaki. Wannan ne ya sa manyan masana'antu ke amfani da leda mai ƙyalli wadda haske ba ya ratsawa, su cika ta da iskar nitirojin. Ledata ta tashar Yamai, ina kyautata zaton rana ce ta kashe ta, wato laifin mai tebur ne ko da matar da ta soya ta yi aikinta daidai.

Kada a ce ƙaramar magana ce. Ƙididdigar da OMS ta fitar a 2015 ta nuna mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu, kuma cikinsu 137,000 a nahiyarmu ta Afirka suke. Ledar dankali ɗigo ce cikin wannan kogi, amma ɗigo ne da muke saya ma ƴaƴanmu da hannunmu.

Doka akwai ta, hanyar ce babu

Ba dokoki muka rasa ba. Tun watan Maris na 1993 Nijar ta kafa kundin dokar tsabtar jama'a, wanda ya taɓo abincin sayarwa. A 2007 ƙasashen UEMOA, har da tamu, suka amince da doka mai lamba 07/2007 kan lafiyar tsirrai da dabbobi da abinci. Muna da ƴan sandan tsabta. Muna da LANSPEX, babban ɗakin awo na ƙasa a Yamai. Muna da ANMC, hukumar da aka ɗora ma ƙa'idojin inganci da awo da ba da shaida. A takarda gidan ya ginu har da rufi.

To amma mu sa kanmu a matsayin wata mata a Tawa ko Tasawa, wadda ta ci bashin adashe ta sayi kasko da buhun dankali da ƴar na'urar liƙe leda. Tana son ta bi ƙa'ida. Wane buro za ta fara shiga? Meri? Ma'aikatar lafiya? Ta kasuwanci? Wace takarda za ta kai, nawa za ta biya, kwana nawa za ta jira? Wa zai kai samfurin kayanta awo, da kuɗin motar wa? Dokokin da Faransanci aka rubuta su, Faransancin ma na lauyoyi, wanda mu da muka yi jami'a sai mun karanta sau biyu. Abin da ta sani na hukuma shi ne mai karɓar patanti da mai tikitin kasuwa, waɗanda ba su taɓa ɓata hanyar gidanta ba. Hukumar da ta san ƙofarka ranar karɓa, ta manta da ita ranar koyarwa, ba ta da bakin cewa ka ƙi bin doka.

Ga inda gizo ke saƙa. Ƙa'idar da ba a bayyana ba, kuɗinta kuma ba a liƙa a bango ba, kasuwa ce ga maras tsoron Allah. Mai bincike ya zo ya kwashe kaya, a koma gefe a yi «magana», a mayar da kaya yadda suke da tsohon mansu. Ba a gyara komai ba, an dai ƙara ma matar kuɗin kashewa, ita kuma ta fanshe ta hanyar ƙara kwana biyu ga man tuya. Na san cikin ma'aikatan nan akwai masu gaskiya da yawa, waɗanda ke fita aiki ba mota, ba mai, ba ko ma'aunin zafi. Su ma wannan duhu yana ci masu mutunci.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƴan uwana ƴan kasuwa, ku ma da naku. Mafi yawan ledojin da ke rataye a butik ba matan unguwa suka soya su ba. Cikin kwalaye suke shigowa daga ƙetare, wasu da rubutun da ba mai iya karantawa a nan. Kun fi ni sanin yadda kayan da kwanansu ya kusa ƙarewa ke faɗuwa kuɗi, da inda ake juye su: ƙauyuka da ƙofofin lekol. Kun fi ni sanin cewa ana goge kwanan wata a buga sabo. Gaskiya ne, kwanan watan da ke jikin busasshen abu irin wannan na ƙarewar inganci ne, ba ya kama da na madara ko nama da ke zama haɗari nan take. Amma wanda ya goge lamba ya buga wata ya yi ƙarya da hatimi, kuma ƙasar da ta saba da ƙaryar hatimi a kan dankali za ta same ta a kan magani. Mun gani a 1995, lokacin annobar sanƙarau, da aka yi ma dubban ƴan ƙasar nan allurar rigakafi ta jabu cikin kwalabe masu sunan kamfanonin kirki. Mun ga kuma Tibirin Gobir, inda ruwan famfo mai yawan fuluwo ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara shekara da shekaru, ruwa garau a ido, awo kaɗai ke iya tona shi. Darasin biyu ɗaya ne: abin da ido ba ya gani, sai hukuma ta gani a madadinmu.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun kafa NAFDAC a 1993, amma sai zamanin Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008, talaka ya koyi juya kwali yana neman lamba. Abin koyi a nan shi ne an sa mai saye ya zama mai bincike, har ɗan kasuwa ya ga kayan da ba lamba ba sa tafiya. Ba na cewa aikinsu ya kammala, don ana buga lambar jabu, kuma lambar wata ƙasa ba ta sauke ma duwan da ma'aikatan lafiyarmu nauyin duba abin da ke ƙetaro iyaka. Amma sun nuna cewa al'ada tana canzawa.

Abin da ya kamata a yi

Ga mahukunta, buƙatata ta farko ba ta cin ko dala daga baitulmali in ban da kuɗin bugu: takarda guda, da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, mai bayyana matakan da mai son sayar da abincin leda zai bi, da buron da zai je, da kuɗin kowane mataki, da kwanakin jira. A liƙa ta a kowace meri da kowace kasuwa, a karanta ta a rediyo. Duk kuɗin da aka karɓa a ba da rasiti.

Ta biyu, a bambanta tsakanin mace mai kasko ɗaya da masana'anta. Ƙaramar mai sana'a a nemi ta yi rajista, likita ya duba lafiyarta, ta sami horon kwana biyu kan mai da wuta da tsabta, ta sa cikakkiyar takarda jikin ledarta, ta riƙe ɗan littafin da take rubuta ranar kowace tuya da inda ta kai ta. Awon ɗakin bincike kuwa a bari ƙungiyoyin mata su haɗa kuɗi su yi tare, a kuma buɗe wurin karɓar samfuri a kowace jiha, don kada mutumin Difa ko Agadas ya biya kuɗin mota fiye da jarinsa.

Ta uku, bincike ya fara daga sama: iyaka, da manyan rumbunan ajiya, da dillalai, kafin a sauko kan tebur. Abin da aka kama a faɗi sunansa da lambar rukuninsa a bainar jama'a. Ga ƙanana, karon farko gargaɗi da koyarwa, na biyu tara, na uku rufewa. Mai goge kwanan wata kuwa kotu ce wurinsa tun karon farko, komai girman rawaninsa.

Ga ƴan kasuwa: kada ku karɓi ledar da ba suna da kwanan wata, ko ta ƴar uwarku ce. Ku nemi takardar saye daga dillali, ku ajiye kaya a inuwa, ku fara fid da tsoho kafin sabo. Ranar da aka zo tambaya, waɗannan takardu su ne lauyanku. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kuma riba tana nan: dankalin Bonkuku da ke ruɓewa lokacin girbi zai iya zama kayan da ake nema a manyan kantuna da ƙasashen maƙwabta, amma babu babban kanti da zai jera ledar da ba ta da uba.

Ga ƴan uwana ma'aikata, ku da ke zaune bayan teburan da waɗannan takardu ke kwana: da yamma in kun tashi aiki ku ma iyaye ne, kuna miƙa ma yaro dala ashirin ya ruga butik. Takardar da kuka jinkirta da safe, da kwalin da aka kau da kai ya wuce, su ne ke dawowa gida cikin aljihun ɗanku.

Ni dai daga yau, kafin in biya sai na juya leda. In ban ga suna da kwanan wata ba, in mayar, in kuma gaya ma mai tebur dalili don ya isar da saƙo ga mai kawo mashi. In mu dubu muka yi haka, matar ranar Litinin za ta rubuta sunanta tun kafin wani mai hula ya zo ƙofarta. Saura hukuma ta nuna mata buron da za ta shiga. Allah ya sa masu kunne su ji.